Ashirin da biyun Kawu

Bindiga iri uku na tashi na tarar a ƙasar Kurfai a ƙarshen shekarun 1960. Akwai bindigar toka ta maharba, aikin maƙeranmu, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danne da tsumma, in ta tashi hayaƙi ya rufe mai ita, kajin unguwa su jima suna kwarmato. Akwai ta jandarma, wadda sai dai mu hango ta a kafaɗa ranar faretin 18 ga Disamba. Ta uku ita ce bindigar takarda, wato wadda mutum ya saya da kuɗinsa, hukuma ta ba shi permi, yake kuma biya mata haraji. Masu irin wannan a Filinge ba su da yawa: wani tsoho daga cikin mazan jiya, wani mushen lakwal, ɗan sarki, babban ɗan kasuwa. Kusan dukkansu Simplex gare su, mai baki ɗaya, ta kamfanin Manufrance na Faransa, wadda ake zaɓa a cikin ƙaton kundin hotunan kamfanin, shafi kaɗan tsakaninta da kekunan hawa da kekunan ɗinki.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya fita daban. Tasa karabin ce siririya, mara nauyi, mai cin ƙaramin harsashin nan da ake kira ashirin da biyu, wanda faɗinsa bai kai milimita 6 ba. Kawu ma'aikacin dabbobi ne, yana cikin masu yawon yi wa shanu allura lokacin yaƙi da cutar bushiya, kuma a wannan yawon ya saye ta hannun wani Bature likitan dabbobi da ya gama aikinsa zai koma gida. Mahaifiyata ta daɗe tana yi masa tsiya cewa ya zuba kuɗin saniya a kan sandar ƙarfe. A jikin bakinta an zana kalmomi ƙanana, kuma su ne Faransancin farko da na karanta ba a littafin lakwal ba: Fabrique Nationale, Herstal, da sunan wani wai shi Browning.

Abin da ya bambanta ta da duk bindigar da ke garin shi ne ba a buɗe ta bayan kowane harbi. A ƙarƙashin bakinta akwai wani siririn bututu da ake jera harsasai a ciki, fiye da goma, ɗaya bayan ɗaya. Sai wani ɗan katako da hannun hagu ke riƙewa. Ka ja shi baya, kwanson da ya ƙone ya yi tsalle waje. Ka tura shi gaba, sabo ya hau. Gindinta na nan a kafaɗa, ido na kan abin harbi, ƙaras-ƙaras, an shirya. Turawa sun laƙaba mata Trombone saboda ƙahon nan na ƴan badujala da ake ja ana turawa. Mu dai karabin ɗin Kawu muka sani. Akwai kuma wata ƙusa a gefenta, in ya kwance ta sai bindigar ta rabu biyu, ya naɗe ta a bargo ya ɗaure a bayan sirdi, wanda bai sani ba ya ɗauka kayan allura ne.

Harsashin ma da nasa hali. Sinadarin da ke tada wuta yana zagaye ne a cikin leɓen gindin kwanson, ba a tsakiya ba, don haka allurar bindigar gefe take duka, kowane kwanso ya fito da ɗan tabo a baki. Mu yara wannan kwanson muke wawa, mu ɗora a leɓe mu yi ta busa har a kore mu. Amma ga Kawu tabon nan yana nufin kwanson ya gama aiki har abada. Mai Simplex zai iya tsince kwanson kartushinsa ya sake cika shi a gida, mai bindigar toka kuwa ko ɓaraguzan ƙarfe ya samu ya ɗura. Kawu sai daga Yamai, tafiyar kilomita wajen 180, da takarda a hannu, a cikin ɗan kwali mai guda 50. Saboda haka bindigar da aka ƙera don ta yi ta harbi ba tsayawa ta faɗa hannun mutumin da ke lissafin kowane harsashi. Ban taɓa ganin ya cika bututun nan ba. Biyar yake sa mata, sauran na cikin gwangwanin taba a aljihun ciki.

Na taɓa tambayarsa. "Kawu, ai tana cin goma da wani abu, me ya sa ba ka cika ta?"

Ya ce, "Ɗana, in na cika ta hannuna zai sani. Hannun da ya san akwai saura ba ya natsuwa."

Sai da na girma na san tarihin abin da muke ɗauka a bargo. Browning ɗin nan mutumin Amurka ne, John Moses Browning, an haife shi a Ogden a 1855, ya kuma rasu a Beljiyam a 1926 yana aiki da masana'antar Herstal ɗin da na karanta sunanta. Shi ya zana wa kamfanin Winchester karabin ta ja-da-tura samfurin 1890, wadda aka ƙera fiye da dubu 800, sai samfurin 1906 da na 62 suka biyo sawunta. Kamfanin Remington ya fito da tasa, samfurin 12, a 1909. Irin ta Kawu kuwa Herstal ta fara ƙera ta a 1922, ta daina a 1974, guda wajen dubu 150, kuma ba a cika shigar da ita Amurka ba, Turai da ƙasashen da Turawa ke mulka ta fi bi. Ta haka ta iso kwarinmu na Dallol.

A can Amurka, a da, irin wannan bindigar yara ce. Ita ake saya wa ɗan manomi ya kashe ɓeraye da zomaye a gona, ita ake ɗaurewa da sarƙa a rumfar wasa ranar biki, mutum ya biya ƴan kwabbai ya harbi agwagin gwangwani. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a shekarar da Winchester ta fito da wannan abin wasa, 1890, a shekarar ce manyan ƙasashen duniya suka sa hannu a Burusel kan yarjejeniyar da ta taƙaita sayar wa ɗan Afirka bindigar zamani, daga bakin Sahara har kusan kudancin nahiyar. An bar mana ta toka. Mai son wadda ta fi ta sai ya nemi sa hannun kwamandan, kwamandan kuwa ba ya sa wa kowa hannu. Shi ya sa nake ganin ba banza ba, da ƴan Babule suka ɓulla a Shikal a 1925, a nan cikin Kurfai, bayan wata mata mai suna Shibo, iskokin da suka hau kansu gwamna ne da kwamandan da soja, kuma bindigogin itace suke saɓawa suna fareti. Kwamandan Croccichia ya sa aka kama su aka tsare. Mutanen da suka ga wannan da idonsu suna raye lokacin da Kawu ke wucewa ta kasuwar Filinge da tasa ta gaske a kafaɗa, da permi a aljihu. Gaisuwar da ake yi masa ba ta ma'aikacin dabbobi kaɗai ba ce.

Amma in na tuna karabin ɗin nan, Imanan nake tunawa, ba Filinge ba. Matar Kawu mutuniyar Bonkuku ce, a ƙasar Imanan, kudu da mu a kan hanyar Yamai, kuma can yake kai ni in an ba mu hutun hunturu. Yau dankalin Turawa aka san Bonkuku da shi, lambuna sun cika kwarin. A lokacin kuwa Dallol ɗin na da sarari: goruba jere, manyan gawo sun yi kore shar a lokacin da kowane icce ke zubar da ganye, rijiya ba ta da zurfi, gonakin gero an girbe an bar kara. A gidan surukansa ana magana da Zabarmanci, tsofaffi su juya Buzanci in ba su son yara su ji, a yi da mu da Hausa. Ana idar da asuba muke fita, ni da ɗansa na fari, taubashina, muna rawar ɗari a bayansa.

Zabin daji kan sauko daga tudu su shiga kara su yi kiwo kafin rana ta yi zafi. Mai Simplex zai iya buɗe wa garke wuta, ƙwayoyin gubar su watsu, ya kwashi biyu ko uku, ya raunata wasu su je su mutu a cikin sabara. Ashirin da biyu ƙwaya ɗaya ce tal, nauyinta bai kai giram 3 ba. Dole ka matso, ka bi iska, ka durƙusa a bayan kalgo har ƙafa ta yi tsami, ka zaɓi zabo ɗaya daga cikin talatin. Kawu kan yi bisimilla a hankali, sai ka ji tas, ƙarar da ba ta fi ta bulala ba. Sau da yawa sauran zabin ba su ma tashi, sai dai su miƙa wuya suna dube-dube. A nan ne hannun hagunsa ke aiki, ƙaras-ƙaras, ya ɗauki na biyu. Daga biyu ba ya ƙarawa. Aikinmu mu ruga da wuƙa, wanda muka tarar da sauran rai mu fuskantar da shi alƙibla mu yanka. Wata rana fakara ce, wata rana hasbiya ko zomo. Barewa kuwa ko ta tsaya a gabansa ba ya ɗaga bindiga, yana cewa harsashin bai isa ya kayar da ita nan take ba, zalunci ne a sa mata guba a ciki ta tafi da ita.

Maharban garin ba su ɗauke shi ɗaya daga cikinsu ba, shi ma bai nema ba. Su suna da gadonsu, da layunsu, da abin da suke faɗa wa daji kafin su shiga, suna kuma kwana a can. A wurinsu Kawu ma'aikaci ne mai neman na miya. Wani tsohonsu ya taɓa karɓar karabin ɗin, ya jujjuya ta, ya leƙa bakinta, ya miƙo masa yana dariya, ya ce wannan in kura ta fito sai dai a ba ta haƙuri. Duk da haka, da wani mahaukacin kare ya shigo unguwa, gidan surukan Kawu aka rugo, don ita kaɗai ce za a harba a cikin gari ba a sami wani da ɓaraguzai ba.

A wata tafiya doki ya yi tuntuɓe da shi, gindin bindigar ya tsage daidai inda hannun dama ke kamawa. Ba a yi maganar aika ta Beljiyam ba. Maƙerin gidan surukansa, cikin maƙeran Buzaye masu aikin takobi da sirdi, shi ya haɗa tsagar, ya naɗe wurin da ɗanyar fata, da ta bushe ta kame gam, sannan ya jera ƙusoshin farin ƙarfe da jan gaci a kai, da zanen da suke yi wa kuben takobi. Matarsa ta ɗinka mata gida na jar fata da kore, da tuntaye a baki. Shuɗin ƙarfen kuwa tuni gumi da rairayi suka cinye shi, ta koma fara sol a duk inda hannu ke taɓawa. Man keken ɗinki ake shafa mata, in babu a sa man shanu. A idona a lokacin ta fi kyau nesa ba kusa ba, kuma har yau ban sauya ra'ayi ba.

A farkon shekarun 1970 gwamnati ta hana farauta a ƙasar baki ɗaya, fari kuma ya zo ya yi abin da ya fi doka. Shanun da Kawu ya yi shekaru yana yi wa allura suka zube a hanyar Abala da Sanam. A 15 ga Afrilun 1974 soja suka karɓi mulki, Seyni Kunce, ɗan Fandu, ɗan ƙasarmu, ya hau, kuma a zamaninsa ba a wasa da ma'aikatan gandun daji, balle ma'aikacin gwamnati a kama shi da zabo a jaka. Kawu ya raba karabin ɗin biyu, ya shafe ta da mai, ya sa a ƙasan adaka. Ya ci gaba da biyan harajinta, abin da matarsa ba ta taɓa gane dalilinsa ba. Ko a yunwar 1984, da mutane suka koma tonon gidan tururuwa, bai fito da ita ba. Ya ce babu abin da ya rage a dajin da ya cancanci harsashi. Ba zan ce bindigogi irin tasa ba su da hannu a ƙarewar naman daji ba, kowace bindiga ta ci rabonta. Amma wanda ya ga yadda gonaki suka haye tudu, ya ga masu farauta da mota da fitila cikin dare, ya san ba mai zabo biyu ne ya share Dallol ba. Lokacin da aka yi sabuwar dokar farauta a Afrilun 1998, Kawu ya riga mu gidan gaskiya.

Shekarun baya na gano cewa akwai mutane a Amurka da Turai da Ostareliya da ba su da aiki a lokacin hutunsu sai tara waɗannan ƙananan bindigogi na ja-da-tura. Suna da littattafai, suna da ƙungiyoyi, suna da gidajen gwanjo irin su Rock Island. Na zauna na karanta yadda suke yi musu kuɗi, na sha mamaki. Abu na farko da suke dubawa shi ne kashi nawa cikin ɗari na shuɗin masana'anta ya rage a jikin ƙarfen, littafin farashinsu da ake kira Blue Book ma a kan wannan ma'auni ya ginu. Sai su leƙa cikin baki su ga ko tsatsa ta ci layukan, don harsasan da can suna barin gishirin da ke cin ƙarfe. Sai lambar jiki: ta gaba da ta baya su zo ɗaya, kada a ce an haɗa rabin wata da rabin wata. A samfurin 1890 suna rububin na farko-farko, waɗanda ba a raba su biyu, da masu launin ƙarfe mai ɗigo-ɗigo na kafin a koma shuɗi. Akwai gidan tarihi a garin Cody da ke riƙe da tsofaffin rajistocin Winchester, mai bindiga ya biya a rubuto masa ranar da tasa ta bar masana'anta, in tana cikin waɗanda rajistarsu ta tsira. Wadda ta sha aiki ɗaruruwan dala ce. Wadda aka saya aka manta da ita a kwali, ko wadda masu zanen Herstal suka ƙawata, dubbai.

Babban laifi a wurinsu shi ne gyara. Wanda ya sake shafa wa ƙarfe shuɗi, ko ya goge katako ya sa sabon fenti, ko ya huda wuri ya ɗaura maɗauri, ya karya mata daraja. Wato a wannan ma'aunin, bindigar da ta fi kowace tsada ita ce wadda ba ta taɓa ciyar da kowa ba. Ban raina su ba. Ba don su ba da ban san shekarar da aka fara ƙera ta Kawu ba, kuma akwai hikima a barin tsohon abu yadda yake, mu da muke rushe ginin ƙasa na kakanni mu sa bulo ba mu da bakin magana. Sai dai ma'aunin nasu ba shi da gurbin da zai sa aikin maƙerin Bonkuku. A takardarsu wannan fata da ƙusoshi lahani ne, a rage kuɗi. Ni kuwa ina ganin Herstal ta ƙera dubu 150 iri ɗaya, Imanan ta mai da guda ɗaya abin da ba shi da na biyu, kuma in da gidan tarihi na Yamai zai ajiye bindiga don ta ba da labarin zamanin nan, irin wannan ya kamata ya nema.

A ƙasarmu dai ba mai tara bindiga don sha'awa, kuma ba na jin za a yi nan kusa. Tun tawayen shekarun 1990 aka kafa hukumar tattara makamai a 1994, aka ƙone wasu a Agadas a bikin wutar zaman lafiya na 25 ga Satumban 2000. Daga 2017 kuma sassan jiharmu ta Tilaberi suka shiga dokar ta-ɓaci. Yaron Filinge na yau in ya ji kalmar bindiga ba zabo ke zuwa masa a rai ba. Permin Kawu da sunansa aka yi, ba a gadonsa, don haka bayan an yi arba'in taubashina ya ɗauki karabin ɗin da gidanta na fata da sauran harsasan da suka yi kore a gwangwani, ya kai wa jandarma, aka rubuta masa takarda. Ya yi daidai. Da tana gidan a ƴan shekarun nan, da ita kaɗai ta isa ta jawo masa abin da ba zai iya fita ba.

Da na je gaisuwar Sallah na ba taubashina labarin masu gwanjon nan, ya saurara yana gyara buhunan irin dankalinsa.

"To kai ɗan mace, da ka gama karatun naka, nawa ta Baba za ta yi a wurinsu?"

Na ce, "Da fatar nan da ƙusoshin, da shuɗin da ya tafi, in an sami mai so ƙila jika ɗari da wani abu. Kafin a cire kuɗin jirgi da na takardu."

Ya ce, "Ashe ko karsana ba za ta saya ba. Innarka ta yi gaskiya, Baba ya yi asarar saniyarsa." Sai ya tambaye ni ko na san wani mai mota da zai sauko Yamai ranar Litinin, yana da buhu ashirin da ke neman lalacewa.